Injin ɗan'adam, hadari ko tauraro: wa ya fi tara boltej?

Nura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayoyi biyu ne suka tsaya mini a rai, kuma ina ganin a haɗe suke. Ta farko, mene ne boltej mafi girma da ɗan'adam ya taɓa haɗawa, kuma me ya hana a wuce nan? In dai taransifoma na iya ɗaga wuta, ai sai a yi ta ƙara naɗin waya har a kai inda ake so. Ta biyu, na ji ana cewa akwai taurarin da boltej ɗinsu ya fi na aradu nesa ba kusa ba. Ta yaya aka sani, alhali babu wanda ya je can da mita ya auna?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in ɗauki ta farko tunda ta shafi sana'ata. Ɗaga boltej abu ne mai sauƙi. Koyil ɗin mota yana karɓar bolt 12 daga batir, ya mayar da shi sama da 20,000 don fulogi ya yi tartsatsi. Inda gizo ke saƙar shi ne riƙe wutar bayan ka ɗaga ta. Busasshiyar iska tana jure kusan bolt miliyan 3 a kowace mita, wato wajen 30,000 a santimita ɗaya. Da zarar ka wuce haka, iskar ce da kanta za ta buɗe wa wutar hanya, ta yi tsalle zuwa abu mafi kusa. Taransifomar da ka yi ta ƙara mata naɗi, daga cikinta za ta fara cin kanta, domin wutar za ta huda rufin da ke tsakanin wannan naɗi da na kusa da shi.

A layukan jigilar wuta kuwa, wanda ya fi girma a yanzu yana ƙasar Sin, daga Changji zuwa Guquan. Bolt miliyan 1.1 yake ɗauka, tsawonsa ya haura kilomita 3,000, an fara aiki da shi a 2019. Ka dubi hoton turakunsa ka ga tsayinsu da tazarar wayoyin. Duk girman nan don a nisanta wutar ne da abin da za ta iya dirar masa.

Baba Ɗanjuma: Injiniya ya faɗi gaskiya. Mu da muka yi gyaran tsohuwar talabijin mai ƙwai mun san haka da hannunmu. Mai kala tana aiki da wajen bolt 25,000 a jikin ƙwan. Idan ƙura da laima suka taru kusa da robar da ke rufe wurin, za ka ji tana huci, ka ji wani wari mai kaifi, a cikin duhu ma ka ga shuɗin haske. Wutar ce ke zurarewa cikin iska. Kuma ko an zare soket, ƙwan yana riƙe da cajinsa, sai an sauke shi kafin a sa hannu.

Sadik: To ai maganin a fili yake. Tunda iska ce matsalar, a cire ta. Ko kuma a kai injin sararin samaniya inda babu iskar gaba ɗaya, a tara bolt biliyan nawa ake so.

Malama Hadiza: Sadik, riƙe wannan tukuna, za mu zo kanta. Nura ya nemi adadi, bari in ba shi.

Injin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne na Robert Van de Graaff. Ya gina na farko a jami'ar Princeton ta Amurka a 1929, ya samu kimanin bolt 80,000. Dabararsa tana burge ni saboda sauƙinta. Babu naɗin waya ko kaɗan. Bel ne yake juyawa, ya kwaso caji daga ƙasa ya kai shi cikin wani ƙwallon ƙarfe mai rami a sama, cajin ya fito ya zauna a bayan ƙwallon, bel ɗin ya koma ya sake kwasowa. A 1933 ya gina ƙato a Round Hill da ke jihar Massachusetts, a cikin rumfar ajiye jirgin balan-balan, kowane ƙwallo faɗinsa ya kai mita huɗu da rabi. Yana nan har yau a gidan adana kayan kimiyya na Boston, ana kunna wa masu ziyara.

Me ya sa ƙwallon sai ya yi girma haka? Lissafin gajere ne. Boltej ɗin da ƙwallo zai iya riƙewa a cikin iska shi ne miliyan 3 ɗin nan sau nisan da ke tsakanin tsakiyarsa da bayansa. In nisan mita ɗaya ne, miliyan 3 ke nan, shi ma sai ƙarfen ya zama sumul babu tsini ko ƙwarzane. In kana son bolt biliyan ɗaya, kana buƙatar ƙwallon da faɗinsa ya haura mita 660, sannan ka rataye shi nesa da ƙasa da duk wani gini.

Da aka ga haka, sai aka koma sa injin a cikin tanki, a cika shi da wata iskar da ta fi tamu juriya, a matse ta. Wadda aka fi amfani da ita ita ce SF6. Da wannan hanya ne injin ɗakin bincike na Oak Ridge a jihar Tennessee ya kai bolt miliyan 25.5. A cikin injunan da ke riƙe boltej a tsaye, ba na ƙiftawar ido ba, nan ne ƙololuwa.

Injiniya Bashir: In ƙara kan na Malama, akwai wasu hanyoyi biyu da ake tara wutar hawa-hawa. Ɗaya ta Cockcroft da Walton, waɗanda suka jera kafasita (ma'ajiyar caji) da dayod (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) kamar matakala a Cambridge, suka samu bolt dubu ɗaruruwa, suka fasa cibiyar ƙwayar zarrar litiyam da shi a 1932. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 1951. Ɗayar ta Erwin Marx ce, Bajamushe, a 1924: ka caja kafasitoci da yawa a gefen juna, sannan cikin ƙiftawar ido ka haɗa su baki da wutsiya, boltej ɗinsu ya taru wuri ɗaya. Da irin wannan ake kwaikwayon aradu a gwada taransifoma kafin ta bar masana'anta. SF6 kuma muna amfani da ita a manyan makunnai, amma tana da illa: wajen riƙe zafi a sararin duniya ta ninka iskar kabon sau fiye da 20,000.

Sadik: Na gode, amma har yanzu ba a amsa tawa ba. Wurin da babu komai, me wutar za ta bi?

Dakta Rabi: Tambayarka mai kyau ce Sadik, kuma an gwada abu mai kama da ita. Da farko dai, sararin samaniya ba fanko ba ne. Cike yake da ƙwayoyi masu caji, wasu daga rana suke kwararowa, wasu kuma hasken rana ne ya ɓalle su daga saman iskar duniya. Ba su da yawa, amma sun isa su ɗauki wuta. In ka caja ƙwallon ƙarfe a can, zai jawo masu kishiyar cajinsa su zo su kashe shi.

A watan Fabrairun 1996, kumbon Columbia ya saki wani tauraron ɗan'adam na Italiya ɗaure da waya mai tsawon kusan kilomita 20. Kumbon na gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa, wayar na yanka maganaɗisun duniya, sai ta samar da bolt wajen 3,500. Saura kaɗan a gama warware ta, wutar ta sami rauni a jikin rufin wayar, ta yi tartsatsi, ta ƙone wurin, wayar ta tsinke, tauraron ya tafi. Bolt 3,500 kacal, a wurin da kake cewa babu abin da wuta za ta bi.

Wani abin da mutane ba su zata ba: rage iska yakan ƙara sauƙin tartsatsi kafin ya rage shi. Friedrich Paschen ya nuna haka tun 1889. Idan iskar ta yi kauri, ilektiron, wato 'yar ƙwayar da ke ɗaukar wuta, ba ya samun filin gudu kafin ya yi karo. Idan ta ragu daidai gwargwado, yana samun fili ya yi gudu, kuma har yanzu akwai abin da zai buga ya ɓallo wasu. A wannan tsakiyar, bolt ɗari uku da 'yan kai ya isa ya huda iska. Ko ka zuƙe iskar tas, shi ƙarfen da kansa zai fara fitar da ilektiron daga 'yan tsinaye da ido ba ya gani, wurin ya yi zafi, ƙarfen ya zama tururi, tururin ya ba wutar hanya.

Sadik: To Dakta, yaya batun injin CERN, cibiyar binciken ƙwayar zarra da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan? Na karanta cewa ya kai tiriliyan 6.8. Miliyan 25 ɗin Malama ai wasa ne a gabansa.

Injiniya Bashir: A'a Sadik. Babu wurare biyu a cikin wannan injin da za ka sa mita tsakaninsu ka ga bolt tiriliyan. Abin da ka karanta ƙarfin da furoton, ƙwayar da injin ke turawa, ya tara ne, wato kamar a ce ya ratsa bolt tiriliyan 6.8. Sashen da ke tura shi bolt miliyan 16 ne gaba ɗaya.

Sadik: Yaya Bashir, in ya fito da ƙarfin wanda ya ratsa tiriliyan 6.8, ni a wurina ya ratsa. Sakamakon ai ɗaya ne.

Malama Hadiza: Sakamakon ɗaya ne ga furoton, amma ga mai gina injin bambancin shi ne komai. Ka tuna yadda ake tura yaro a lilo. Ba ka ɗaga shi sama da turi ɗaya, ƙaramin turi kake yi duk lokacin da ya dawo gabanka, har ya yi nisan da turi ɗaya ba zai kai shi ba. Zoben CERN kewayensa kilomita 27 ne, furoton na zagaya shi sama da sau 11,000 a daƙiƙa, kowane zagaye ana ƙara masa kaɗan, a yi ta yi har wajen minti 20. Rolf Wideröe ne ya nuna dabarar a 1928, Ernest Lawrence ya lanƙwasa ta ta zama da'ira a farkon shekarun 1930. Sun koma ga wannan hanya ne don sun san babu rufin da zai riƙe musu boltej ɗin da suke buƙata. Tambayar Nura kuwa kan boltej take, don haka amsar tana nan a miliyan 25.5.

Ummi: Ina bibiya a hankali. Malama, in iska ba ta jure fiye da miliyan 3 a mita, yaya hadari yake tara abin da ya fi na Oak Ridge? Shi ma ai a cikin iska yake.

Malama Hadiza: Da girma yake cin nasara, Ummi. Gajimaren hadari kaurinsa kilomitoci ne. A cikinsa iska mai hawa sama tana kwasar ƙananan ɓarɓashin ƙanƙara, suna gogayya da manya masu faɗowa. Ƙananan su tafi sama da caji iri ɗaya, manyan su sauko da kishiyarsa. Aikin bel ɗin Van de Graaff ne sak, sai dai tsawon wannan ya kai kilomita da yawa. Ki raba bolt biliyan ɗaya a kan kilomita biyar, kowace mita 200,000 za ta samu, bai ko kusa da iyakar iska ba.

An ma auna. A Ooty da ke kudancin Indiya akwai na'urar GRAPES-3, mai ƙirga wasu ƙwayoyi da ake kira miyuwon, waɗanda ke zubo mana daga sama dare da rana. Ranar 1 ga Disamba 2014 wani hadari ya bi ta kanta, adadin ƙwayoyin ya ragu da kusan kashi 2 cikin ɗari, domin wutar gajimaren ta rage musu ƙarfi. Daga wannan ragi aka lissafa bolt biliyan 1.3. An wallafa sakamakon a 2019. Ita kuma aradu in ta sauka, yawanci takan ɗauko karan, wato kwararar wuta, na amfiya wajen 30,000, ta zafafa iskar da ta bi har ta ninka zafin fuskar rana kusan sau biyar.

Ummi: Ikon Allah. Amma in kowace mita ba ta kai iyakar ba, me ke kunna walƙiyar?

Dakta Rabi: Kin taɓo inda masana ke muhawara har gobe. An sha tura balan-balan da jirage cikin hadari, abin da suke aunowa yakan gaza abin da ake buƙata da kusan ninki goma. Wasu na ganin tsinayen ƙanƙara da ɗigon ruwa ne ke tattara ƙarfin a ɗan ƙaramin wuri. Alexander Gurevich na Rasha da abokan aikinsa sun kawo wani bayani a 1992: ƙwayoyin da ke shigowa daga sararin samaniya suna ɓallo ilektiron masu tsananin gudu, waɗanda iska ba ta iya tare su sosai, su kuma su ɓallo wasu, abin ya yi ta ninkuwa. A 1994 tauraron ɗan'adam na Compton, wanda aka harba don ya kalli taurari, ya tsinci walƙiyar hasken gama, wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, tana tasowa daga hadarin duniyarmu. Wannan ya tabbatar da cewa akwai irin waɗannan ilektiron a cikin gajimare. Ko su ne ke kunna kowace walƙiya, nan ne ba a daidaita ba.

Sadik: Ni duk wannan ya sa ina son in gwada da kaina. Akwai taransifomar tsohon murhun maikurowef a hannuna, na ga ana zana hoton reshe a jikin katako da ita.

Baba Ɗanjuma: Ɗana, don girman Allah kada ka taɓa ta. Kada ma ka jona ta.

Injiniya Bashir: Ka ji maganar Baba, Sadik. Wannan taransifoma bolt 2,000 take bayarwa, amma da karan mai yawa a bayansa, kusan rabin amfiya ko fiye. Kashi ɗaya cikin goma na amfiya in ya bi ta ƙirji ya isa ya hargitsa bugun zuciya. Irin zanen katakon nan ya kashe mutane da dama, har da waɗanda suka san aikin wuta. Tartsatsin da ke cizonka a hannun ƙofa kuwa ya kai bolt dubbai, amma cajin ɗan mitsitsi ne, ya ƙare kafin ya yi ɓarna. In gwaji kake so, ka haɗa ƙaramin Van de Graaff na tebur da bel ɗin roba da gwangwani, ka gwada shi ranar da iska take a bushe, kuma kada ka haɗa masa kafasita.

Nura: Na gode ƙwarai. Dakta, saura tawa ta biyu.

Dakta Rabi: Ban manta ba. Wayar kumbon Columbia ita ce mabuɗin. Duk lokacin da abu mai ɗaukar wuta ya yanka maganaɗisu, boltej na fitowa, kuma abu uku ne ke ƙayyade yawansa: ƙarfin maganaɗisun, saurin motsin, da tsawon abin. Janareto ma haka yake aiki. In ka san ukun nan, ba sai ka je da mita ba.

Mu fara da kusa. Duniyar Mushtari tana da wani wata da ke kewaya ta, mai suna Io. Mushtari na juyawa sau ɗaya cikin ƙasa da awa 10, maganaɗisunta na share Io yana wucewa. Wannan na haifar da bolt kusan 400,000 daga gefen Io zuwa ɗaya gefen, da karan na miliyoyin amfiya da ke gudana tsakaninsa da Mushtari. Kumbon Voyager 1 ya bi ta kusa a 1979 ya ji tasirin karan ɗin, kuma na'urar Hubble ta ɗauki hoton ɗigon hasken da yake bari inda ya sauka a saman Mushtari. Lissafi da gani sun dace.

Yanzu mu yi nisa. A shekarar 1054 masu duban taurari na ƙasar Sin sun rubuta cewa wani sabon tauraro ya bayyana, har da rana ana ganinsa na tsawon makonni. Fashewar wani babban tauraro ce, a nisan da haske ke shafe shekara 6,500 kafin ya iso mu. Abin da ya rage a tsakiyar wurin, wanda ake kira gajimaren Kaguwa, dunƙule ne da faɗinsa bai wuce kilomita 20 zuwa 25 ba, amma ya fi rana nauyi. Yana juyawa sau 30 a daƙiƙa. Mun san haka don kowane juyi yana haska mu, irin bugun da Jocelyn Bell ta fara ganowa a wani tauraron a 1967. Daga yadda juyin ke raguwa sannu a hankali ake lissafa ƙarfin maganaɗisunsa, ya ninka na duniyarmu sau tiriliyoyi. Ka haɗa ukun, boltej ɗin da ke fitowa ya kai lamba 1 da sifili 16 a bayanta. Hadarin Ooty sau miliyan goma ke nan.

Akwai kuma shaida daga waje. A 2021 cibiyar LHAASO da ke kan tsaunukan Sichuan a Sin ta sanar da kama ƙwayar haske daga Kaguwa mai ƙarfin da ya haura 1 da sifili 15 a ma'aunin ilektiron-bolt, wato ƙarfin da ilektiron ke samu in ya ratsa bolt ɗaya. Abin da ya fitar da ita dole ya fi ta ƙarfi.

Nura: Subhanallah. To shi tauraron me ke riƙe masa wutar? Ko shi ba shi da iyaka?

Dakta Rabi: Shi ma tana zurare masa. Ilektiron da aka tura da irin wannan ƙarfi yana fitar da hasken gama, shi kuma hasken in ya ratsa maganaɗisu mai tsanani sai ya rikiɗe ya zama ƙwayoyi biyu, ilektiron da kishiyarsa fositiron. Su ma su fitar da nasu hasken, a sake haifar wasu. Nan da nan wurin ya cika da masu ɗaukar wuta, boltej ɗin ya faɗi. Ko fankon da babu komai a cikinsa yana da iyaka. Julian Schwinger ya lissafa a 1951 cewa in ƙarfin ya kai wajen bolt 1 da sifili 18 a mita ɗaya, fankon da kansa zai fara tsatso waɗannan tagwayen ƙwayoyi. Babu ɗakin binciken da ya kai can tukuna.

Sadik: Na ajiye taransifomar, Baba. Dakta, Kaguwa ce ƙarshe ke nan?

Dakta Rabi: Ba ita ba ce. Ranar 15 ga Oktoba 1991, na'urar Fly's Eye a hamadar Utah ta ga sawun ƙwaya ɗaya da ta shigo iskar duniya da ƙarfin ilektiron-bolt 3 da sifili 20. Ya ninka na furoton ɗin CERN sau miliyoyi gommai. A ma'aunin yau da kullum jul 50 ne, abin da za ka kashe ka ɗaga kilo 5 sama da mita ɗaya, amma duk a jikin abin da bai kai ƙwayar zarra ba. A watan Mayun 2021 an sake kama wata mai kusan wannan ƙarfi, ita ma a Utah.

Sadik: Ashe akwai inda boltej ya kai sifili 20.

Malama Hadiza: Ba lallai ba ne, kuma ka ga mun dawo kan gardamarka da Injiniya. Enrico Fermi ya kawo shawara a 1949 cewa ƙwayoyin suna tara ƙarfi ne kaɗan-kaɗan, suna karo da gajimaren maganaɗisu masu motsi suna dawowa, shekara da shekaru. In haka ne, sararin samaniya ma dabarar turi da yawa yake yi. Sannan in ƙwayar cibiyar baƙin ƙarfe ce, cajinta 26 ne, kowane bolt sau 26 yake biyan ta.

Sadik: Amma Malama, ko turi da yawa ne, sai wurin ya iya riƙe ƙwayar ta yi ta dawowa. Wurin da zai riƙe mai irin wannan ƙarfi ai ba ƙaramin wuri ba ne.

Dakta Rabi: Nan kam ka kama bakin zaren, kuma da wannan hujjar ake tace wuraren da ake zargi. Sai wurin ya kasance mai girman gaske ko mai maganaɗisu na fitar hankali, in ba haka ba ƙwayar za ta kuɓuce tun ba ta ƙoshi ba. Ragowar fashewar taurari irin na tarin taurarinmu ba su isa ba. Waɗanda suka rage su ne irin feshin da ke fitowa daga kewayen manyan baƙaƙen ramuka a tsakiyar wasu tarin taurari, da wuraren da ake haihuwar taurari da yawa a lokaci guda. Abin da ya hana a nuna wuri da yatsa shi ne ƙwayar tana da caji, maganaɗisun da ke kan hanya yana karkatar da ita, inda ta fito daban, inda muka ga ta ɓullo daban. Ta 2021 ɗin ma da aka bi sawunta, sai ya nuna wani yanki da kusan babu tarin taurari a cikinsa. Ga kuma ƙaranci: masu irin wannan ƙarfi, murabba'in kilomita ɗaya ba ya samun ko guda a cikin shekara ɗari. Shi ya sa cibiyar Pierre Auger a Ajantina ta baza tankunan ruwa sama da 1,600 a fili mai murabba'in kilomita 3,000. A 2017 ta sanar da cewa ƙwayoyi masu babban ƙarfi sun fi zuwa daga wani ɓangare na sama da ke nesa da tsakiyar tarin taurarinmu, alamar cewa daga wajensa suke. Bayananta kuma na nuna cewa yayin da ƙarfin ke ƙaruwa, ƙwayoyin sun fi karkata ga masu nauyi fiye da furoton, abin da ke ƙarfafa maganar Malama kan caji.